Motar Ƙanena Mai Kujera Biyu

A ikilisiyarmu ta Kafanchan, in aka sa ranar aure, uwar amarya takan ga Fasto, daga can ta zarce gidana. Ta gaishe ni, ta gai da matata, ta sha ruwa, sannan ta ce, "Baba Hedimasta, maganar mota ce." Ni kuma in ce, "Allah ya kai mu." Shi ke nan an gama. Motata fara ce, tsohuwa, irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna tun ina ƙaramin malami, kuma na riƙe ta riƙon da makanikena da kansa ke cewa ya yi yawa. Samari na yi mata dariya, suna kiran ta Kaka. Su yi ta yi. Uwayen da yawa daga cikinsu a bayan wannan Kakar suka zauna da farin mayafi aka kai su coci.

Ba don motar kaɗai ake zuwa wurina ba. Ina da wata al'ada. Da mun bar ƙofar gida, guɗa ta yi nisa, sai in kashe rediyo, in rage gudu, in dubi amarya ta madubi in ce, "Yarinya, kin tabbata? In ba ki tabbata ba, sitiyari na hannuna." Ba wadda ta taɓa cewa in juya. Amma tambayar takan buɗe baki. Wata ta yi kuka, wata ta yi dariya har kwalliyarta ta ɓaci, wata ta ce tsoron uwar miji take ji, wata kuma ta ce babu komai, takalmi ne ya matse ta. In saurara, in faɗi abin da Ubangiji ya sa a bakina, mu yi gajeriyar addu'a kafin mu tsallake layin dogo. 'Ya'yan mutane na yi wa haka shekara da shekaru, ina jiran ranar da zan yi wa tawa.

Tawa ɗin, in za a bi jini, 'yar ƙanena ce. Uwarta ta rasu ko yaye ta ba a yi ba. Ƙanena ya kasa zama a garin, ya miƙo mana ita ya tafi Legas, daga Legas muka ji shi a Italiya. Mu kuma maza kaɗai Allah ya ba mu, sai matata ta karɓe ta hannu biyu. Ni take kira Baba, matata kuma Mama. Shi kuwa Dadi ne, murya a waya da kwalin kaya lokacin Kirsimeti. Ba zan ci haƙƙinsa ba, yana aikowa, bai taɓa fashi ba. Amma ba kwali ne ya goya ta zuwa asibiti ranar da ƙyanda ta kusa tafiya da ita ba, ba kwali ne ya zauna da ita kan lissafi tana kuka ba. A can ya fara da ɗinkin fatar kujerun mota, daga baya ya shiga kasuwancin tayil da marmara zuwa Abuja, Allah ya buɗa masa. Na yi masa murna. Daga nesa murna ba ta da wuya.

Da aka sa ranar aurenta a ƙarshen damina, ban tambayi kowa komai ba. Me zan tambaya? A wurinmu amarya daga gidan kakanninta take fita, namu kuwa yana ƙauye a bayan Madakiya, ke nan tafiyar ta fi ta sauran amare tsawo. Ni zan ɗauko ta, ni zan yi mata tambayata, ni zan riƙe hannunta mu shiga coci, in Fasto ya ce wa ya ba da wannan mace aure, ni zan amsa. Na sa aka sake wa Kaka fenti. Na yi ta tsara abin da zan faɗa mata a hanya, in ina wanka ina maimaitawa, har matata ta buga ƙofa ta ce da wa nake magana.

Ana saura mako guda sai ga ƙanena. Ya zo a motar haya, da wata babbar mota rufaffiya tana bin sa a baya. Na ɗauka kujerun biki ne. Aka buɗe bayan, aka shimfiɗa wasu ƙarafa biyu, aka gangaro da wata aba a hankali kamar ana sauke mara lafiya. Mota ce, 'yar ƙarama, koriya shar mai duhu, cikinta kusan a ƙasa. Hancinta dogo, fitilunta zagaye kamar na motocin Turawan reluwe da muke gani muna yara, bayanta a dunƙule, sitiyarinta na katako. Kujera biyu rak. Ko wurin sa buhun citta babu.

Wallahi sai na ji sanyi a raina. Na ce a zuciyata, ashe dai! Shekara ashirin da ɗoriya a Turai, gwanjon da ya girmi tawa ya kwaso. Na rungume shi da ƙarfi, na ce, "Sannu da hanya, sannu da ƙoƙari." Har da ɗan bubbuga masa baya.

Ba ni kaɗai na faɗa wannan rami ba, duk unguwar ce. Matan zumunta da suka zo tsintar shinkafa suka leƙa, suka koma suna ƙus-ƙus, wata ta ce, "Kayya, Turai ma ba sauƙi." Wani dattijon ikilisiya ya ja ni gefe ya ce kada a yi masa dariya, kowa da abin da Allah ya hore masa. Maƙwabcinmu Bafulatani da ke kawo mana nono ya zagaya ta da sandarsa a kafaɗa, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe ya ce, "Malam, taka ta fi wannan ƙuruciya. Wannan ai ta zauna, ba ta iya tashi." Na yi dariya har na riƙe ciki. Ranar na ci tuwon acca malmala biyu, matata na kallona tana mamaki.

Daɗin bai kwana biyu ba. Washegari da hantsi ina goge Kaka, ƙanena ya fito da kofin shayi ya tsaya kusa da tasa. Na ce, cikin tausayi irin na babban wa, "In kana neman kayan gyaranta, akwai wani a Jos da ke tara na tsofaffin motoci."

Ya ce, "Yaya, ai sabuwa ce."

"Sabon fenti dai."

"Sabuwa fil. Bana aka gama ta."

Ya ɗaga hancin nan. Ni ba makanike ba ne, amma na san tsohon inji in na gan shi, wannan kuwa ko ɗigon mai babu, komai na walƙiya. Ya shiga yi mini bayani, ba da fahariya ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Wai injin da ƙasan na wata motar gudu ta zamani ne. Sai wani ƙaramin gidan sana'a a can, irin wanda ya fara aiki a ciki, su cire jikinta su yar, su ƙera mata wani da hannu. Mutum ya ɗauki fallen alminiyam ya yi ta bugu da guduma a kan katako wata da watanni har ya fitar da wannan lanƙwasa. Da gangan suke yin ta da kamannin motocin zamanin iyayenmu. Kaɗan suke yi, in an gama su an gama, ba ƙari. Ya ce kujerun ma wani tsohon abokin aikinsa ne ya ɗinka. Ya kama hannuna ya ɗora kan fatar ya ce in ji.

Na ji. Da ma ban ji ba.

Na ce, "To, mutum ya sayi sabuwar mota, a farfashe ta, a mayar da ita tsohuwa. Turawa dai ba su da aikin yi." Ya yi dariya ya ce haka ne. Na koma kan gugata.

Kafin yamma yaran unguwa sun ɗauki hotonta sun bincika a waya, labari ya juya. Waɗanda jiya ke cewa kayya, yau su ne ke cewa tun farko sun ga alama. Dattijon nan da ya ce kada a yi dariya ya dawo da babbar riga a ɗauke shi hoto a jikin motar. Samari daga Zonkwa, daga Kagoro, har daga Samaru Kataf suka riƙa zuwa a kan babura, su yi cirko-cirko a ƙofar gidana. Don su samu wurin tsayawa sai su jingina da Kaka. Wani har ya ɗora robar ruwansa a kan sabon fentina. Na daka masa tsawar da tun da na bar aji ban yi irinta ba.

Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne wannan. Tawa tsohuwa ce ta gaskiya. Ta yi tsufanta a kan hanyar Kachia da ta Kwoi, ta kai marasa lafiya, ta kai gawa, ta kai amare, kuma saboda tsufan nan ake mata dariya. Wannan kuwa jaririya ce da aka yi wa shigar tsofaffi, ko rami ɗaya ba ta taɓa faɗawa ba, ita ake cire wa hula. Fitila zagaye a tawa ƙauyanci, a tasa gwaninta. Na faɗa wa matata haka muna cin abinci. Ta ce, "Malam, kishi kake yi." Na ce ni? Da motar da ba ta iya ɗaukar akuya? Ta ce, "To ci abincinka." Gaskiyarta ne, kishi nake yi, irin wanda ke sa mutum ya ji miya ba gishiri.

Na sa rai ga abu ɗaya, hanyar ƙauyenmu. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa gidan kakanmu, ruwan damina ya zaizaye ta, ga kwazazzabo, ga duwatsu sun fito. Kaka ma sai da lallashi take wucewa. Na ce wannan mai jan ciki ko da addu'ar Fasto ba za ta kai ba. Shekara nawa ina tashi a taron ci gaban gari ina roƙon a fito a gyara hanyar nan? Kullum sai a ce bayan girbi, bayan girbi kuma a ce bayan Kirsimeti.

Ranar Laraba na je ƙauye kai buhunan shinkafa, sai na tarar da gayya. Samari sun fi na ranar kasuwa yawa, da fartanya da shebur da baro, 'yan mata na jido jar ƙasa a kwanoni, wani na kaɗa ganga. Ba wanda ya kira su, ba wanda ya roƙe su. Sun ji cewa motar ba za ta iya shigowa ba, su kuma sun rantse sai ta taka garinsu. Suka cike ramuka, suka fasa duwatsu, suka daddaɓe ƙasa sumul kamar daɓen ɗaki. Shugabansu, wanda na koya wa karatu da hannuna, ya taho baki har kunne yana cewa, "Baba, ka ga aiki?" Na ce na gani, Allah ya yi albarka. Matan garin nan sun sha haihuwa a kan hanyar nan kafin a kai su asibiti, ba a gyara ba. Na wuce a kan sabuwar hanya, Kaka ko girgiza ba ta yi, ni kuwa raina in ya yi dubu ya ɓaci.

Da yammar ranar yarinyar ta same ni a bayan gida ina duba ruwan batir. Ta durƙusa ta gaishe ni, tana wasa da zoben alkawarinta. Na san wannan take-taken nata tun tana 'yar firamare.

"Baba, Dadi ya ce wai in ina so..."

"In kina son me?"

"Wai motar. Saboda ranar ya kawo ta."

Na ce, "Ke kina so?"

Ta sunkuyar da kai. Da ta ce Dadi ne ya matsa mata, da na samu abin faɗa. Amma yarinyar nan ban koya mata ƙarya ba. Ta ce, "Baba, tana da kyau." Idonta na ƙyalli. Yarinya ce, aurenta ne, wace amarya ce a duk ƙasar nan aka taɓa kaiwa coci a irin wannan? Na ce ta yi abin da ranta ke so, ni ko a jikina. Na rufe hancin Kaka da ƙarfin da bai kamata ba. Ta tsaya kaɗan, ta ce na gode Baba, ta tafi. Kujera biyu ce. Ita ɗaya, mai tuƙi ɗaya, ba sai an yi mini lissafi ba.

Kwana biyu ban yi wa kowa magana mai daɗi ba. Na yi faɗa da masu kafa rumfa, na yi faɗa da mai lasifika, na ce wa matan zumunta waƙarsu ta yi ƙarfi. Ƙanena ya gaishe ni in amsa a daƙile. Sai ranar Juma'a da la'asar, jajibirin biki, ya same ni a gidan kakanmu ƙarƙashin mangwaro. Ya zauna a ƙasa kusa da kujerata kamar yadda yake yi muna yara.

Ya ce, "Yaya, yarinyar nan ta ƙi cin abinci. Ta ce kai ke kai amare."

Na ce, "Da can."

Ya ciro makulli ya ɗora mini a gwiwa. "Motar tata ce gobe, tuƙin naka ne. Ni zan ɗauki taka in kai Mama da ƙawayen amarya, in riga ku isa in tari baƙi."

Na so in ce ni ba direban kowa ba ne. Maganar ta zo har bakina. Amma na hango matata daga bakin madafa ta kafe ni da ido, ludayi a hannu. Kuma, in faɗi gaskiya, makullin nan na da nauyi mai daɗi a gwiwa. Na ce to, tunda yarinya ce ta roƙa. A raina kuwa cewa nake na ci nasara: ya kawo motarsa tun daga Italiya, ga shi dole ya miƙo mini. Muka je filin makarantar firamare na zagaya da ita a hankali, yara na bin mu da ihu. Yana ta nuna mini wannan da wancan, ina cewa na sani, na sani, tun ba ka iya ɗaura wando ba nake tuƙi.

Da safe aka fito da ita. Mata na guɗa, tsofaffi na sa albarka da yarenmu, gwaggwanninta na kukan al'ada da na gaske a haɗe. Shigar da ita motar ma aiki ne. Sai da mata uku suka tattara rigar suka cusa, ta zauna can ƙasa, farin yadi ya cika ko'ina har kan giya. Ni ma na sauka cikin kujerata kamar mai shiga rijiya. Na tayar. Ƙarar ba irin ta motocin da na sani ba ce, daga ƙasa take fitowa ta bi ta ƙashin baya. Kaji suka watse, samari suka ɗauki sowa.

A kan jar ƙasa a hankali na riƙa lallaɓawa. Mutane sun yi layi dama da hagu, babura sun kewaye mu, kowa na miƙo waya. Idona na kan dogon hancin nan, ina tsoron dutse, ina tsoron wani ɗan acaɓa ya goge ta a ce tsoho ya lalata motar ƙanensa don baƙin ciki. Na ce a raina, bari mu hau kwalta, mu rabu da jama'a, sai in yi mata tambayar a natse.

Muka hau kwalta a Madakiya. Hanya ta buɗe, ba kowa a gaba. Na ɗan taɓa totur, ɗan taɓawa kawai, don in tsere wa baburan.

Jama'a, ban san yadda zan faɗa muku ba. Kujerar ta tura ni a baya. Motar ba ta yi gardama ba, ba ta yi tari ba, ba ta tsaya tunani ba kamar Kaka. Abin da ƙafata ta ce shi ta yi. Sitiyarin katakon nan ya zauna a tafin hannuna kamar don ni aka sassaƙa shi. Na sa giya ta gaba, ta amsa. Na ƙara, ta amsa. Kwana ta zo, na karya, ta bi ta kwanta lafiya lau. Gonakin citta da duwatsu suka riƙa wucewa, baburan suka ɓace a madubi. Na ji yarinyar na dariya tana cewa, "Baba! Baba!" ni ma na ji ina dariya, ni da ke tsawata wa matasa kan gudu. Duk tsawon rayuwata ina lallashin mota, ashe akwai wadda ba a lallashi. A lokacin ma kishin bai sake ni ba, sai ma ya ƙaru. Ina tuƙi ina cewa, wato abin da yaron nan ke ji ke nan duk ranar da ya ga dama, ni kuwa aro aka ba ni na safiya ɗaya.

Ƙarar tayoyi a kan layin dogo ce ta dawo da ni. Mun shigo gari. Ga masu babura sun sake rufe mu, ga 'yan kasuwa sun fito, ga yara na gudu a gefe. Kafin in haɗiye miyau, ga ƙofar coci, ga mawaƙa da rigunansu, ga jama'a maƙil. Tafiyar da na yi wata da watanni ina tanadi ta ƙare.

Na taka birki daidai bakin matakala. Ta juyo ta dube ni ta cikin mayafi. Dariyar ta tafi.

Ta ce, "Baba, ba ka tambaye ni ba."

Na buɗe baki. Sai ƙofarta ta buɗe daga waje. Ƙanena ne, cikin kwat mai kyau, ya sunkuya ya miƙo hannu, don ba mai fita daga wannan kujera da rigar aure ba tare da an jawo shi ba. Ta kama. Ƙawaye suka rufa a kan rigar suna gyarawa, mawaƙa suka ɗauki waƙar shiga, Fasto na tsaye daga ciki yana duban agogo. Hannunta na cikin nasa, kuma ba wanda ya ga dalilin raba su.

Na yunƙura zan fita, gwiwoyina suka ƙi. Kafin in sake yunƙurawa wani mai kula da tsari ya leƙo ta taga yana cewa, "Baba, a ja mota baya, ta tare ƙofa, motar iyayen ango na zuwa." Na nemi ribas. A filin makaranta zagaye kawai na yi, ban taɓa ja da baya ba. Na tura giyar nan hagu, na tura dama, na danna, na ja, motar sai gurnani take tana neman hawa matakala. Zufa ta jiƙa mini babbar riga. Samari sun kewaye ni suna ɗaukar hoto, wani na cewa, "Baba, ɗan yi murmushi!" Mai motar da zan tambaya yana ciki. A ƙarshe na kashe ta, na ce su tura. Suka tura ta baya da hannu zuwa gindin wani itace suna ta murna an ba su dama su taɓa ta, biyu daga cikinsu suka kama ni ta hammata suka zaro ni.

Har yau ban sani ba ko ƙanena ya hango haka tun da ya ɗora mini makullin a gwiwa. Matata ta ce in ji tsoron Allah, mutumin nan alheri ya nufa. Wataƙila. Ni dai na san wanda ya tuƙa, na kuma san wanda ya tsaya a bakin matakala.

Na kutsa cikin jama'a ina cewa gafara, gafara. Cocin ya cika har waje, masu tsaye sun toshe hanya, waɗansu ma baƙi ne daga dangin ango, ba su san ni ba. Wata mata ta ce mini, "Direba, ka jira a waje mana." Ban tsaya amsa mata ba. Na kai bakin ƙofa daidai lokacin da waƙa ta tsaya. Can gaba na hango su, ita da farin mayafi, shi a gefenta.

Fasto ya gyara tabarau ya ce a lasifika, "Wane ne ya ba da wannan mace aure?"

Ta waiwayo. Na ga kanta na juyawa tana duba layin gaba inda matata ke zaune da kujerata ba kowa, ta duba gefe, ta duba baya. Ƙanena ma ya waiwayo, ya ɗan jira, ba zan ce bai jira ba. Na ɗaga hannu, amma duk wanda ke gabana ya ɗaga nasa da waya a ciki. Fasto ya sake tambaya.

Ƙanena ya ce, "Ni ne."

Ba wanda ya yi ƙarya a gaban Allah, 'yarsa ce. Ikilisiya ta ce amin, mata suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa cikin baƙi, da makullin motarsa a hannuna.